Neman Sunan Fursuna a Takardun En'e: Misali Daga Ƙasar Rano da Kibiya

Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce a duba wata tambaya da ɗaliban tarihi da na al'ada kan ci karo da ita idan sun fita bincike a karkara, watau: in aka ce an taɓa ɗaure wani mutum a zamanin En'e, a ina za a sami takardar da za ta tabbatar da haka? Za mu yi misali da ƙasar Rano da Kibiya a kudancin Kano, musamman garuruwa irin su Lausu, inda dagaci ne hukumar da talaka ya fi sani. Abin da muke so mu nuna shi ne, takardun ɗauri ba don fursuna ko danginsa aka rubuta su ba. An rubuta su ne domin Baitulmali da kuma Razdan. Saboda haka wanda ya gane dalilin rubuta kowace takarda shi ne zai san inda zai neme ta, ya kuma san abin da ba zai taɓa samu a cikinta ba.

Tambayar ba ta malamai ce kaɗai ba. Akwai gonakin da rikicinsu ya samo asali daga lokacin da maigidan yake ɗaure, wani ya shiga ya noma. Akwai zuriyar da ake yi wa gori da laifin kakansu, alhali ba wanda ya san ko sata ya yi, ko kuwa haraji ne ya gagare shi, ko taron siyasa ya halarta. Takarda guda tana iya raba wannan gardama, in an same ta.

Kalmomin kansu

Tun daga bakin mai ba da labari ya kamata mai bincike ya fara lura, domin Hausa ba ta da kalma ɗaya tak ta wurin tsare mutum, kuma kowace kalma tana nuni ga hukuma dabam. Kurkuku tsohuwar kalma ce, ta girmi zuwan Turawa. Gidan yari ya sami sunansa ne daga Yari, watau ma'aikacin sarki mai kula da ɗaurarru. Gidan waƙafi, wanda asalinsa Larabci ne, wurin ajiye wanda ba a yanke wa hukunci ba tukuna. Gadurum na soja ne. Fursuna ararriya ce daga Ingilishi, kamar yadda Hausawan Maraɗi da Damagaram suka ari kaso daga Faransanci suke cewa gidan kaso. Sa'an nan ga sakayawa irin ta gidan maza, ga kuma gidan gyaran hali da ya shigo bakin 'yan jarida bayan dokar 2019.

Idan tsoho ya ce “an ɗaure shi”, ba lalle yana nufin hukuncin alƙali ba. Mai yiwuwa ne mari aka sa masa, ko aka sa ƙafarsa a turu a zauren dagaci ya kwana biyu. Idan kuwa ya ce “an kai shi birni”, ko “ya yi aikin fursuna”, to, akwai alamar an bi hanyar da takan bar rubutu. Wannan bambanci shi ne zai hana ɗalibi ya ɓata wata uku a Kaduna yana neman abin da ba a taɓa rubutawa ba.

Kafin zuwan Turawa

Rano tsohuwar ƙasa ce, ɗaya daga cikin Hausa Bakwai, kuma ana yi mata kirari da Autan Bawo. Tun da daɗewa ta shiga ƙarƙashin Kano, amma Sarkin Rano ya ci gaba da zama cikin manyan sarakunan ƙasa, tare da irin su Sarkin Gaya da na Dutse da na Karaye. A ƙarni na 19 shari'ar Musulunci bisa mazhabar Malikiyya ake bi, kuma a cikinta ɗauri ba shi ne babban hukunci ba. Akan tsare mai taurin bashi har ya biya ko a tabbatar ba shi da hali. Akan tsare wanda ake tuhuma har a gama bincike. Wanda ya yi kisan kai da gangan, magada suka yafe masa ƙisasi, hukuncinsa bulala 100 da ɗaurin shekara guda. Sauran kuwa haddi ne, ko diyya, ko horon da shugaba ya ga ya dace. A birnin Kano har ila yau akwai gidan Ma'ajin Watari, inda iyayengiji kan kai bayin da suka gagare su a hore su, kamar yadda binciken Mohammed Bashir Salau ya bayyana.

Bayanin da aka fi yawan ambata game da kurkukun Kano na wancan zamani shi ne na Lugga, a rahotonsa bayan rundunar Kanar Morland ta biyo ta Bebeji, maƙwabciyar Rano, ta ci Kano ran 3 ga Fabrairu 1903. Ya ce ɗaki biyu ne, kowanne tsawonsa ƙafa 17, faɗinsa ƙafa 7, tsayinsa ƙafa 11, ba tagogi, kuma mutum 135 ake kullewa a ciki kowane dare, har an taɓa tara 200. Dole a karanta wannan da hankali biyu. Ba mu da dalilin cewa wurin ba shi da muni. Amma kuma Lugga yana bukatar hujjar da zai kare kansa a Ingila kan yaƙin da ya ƙaddamar, kuma kurkukun ya yi masa rana. Abin lura gare mu a nan shi ne, ya auna bango, ya ƙidaya kawuna, amma bai rubuta sunan ko mutum ɗaya daga cikin 135 ɗin ba. Wannan ɗabi'a ta fifita adadi a kan suna ita ce za ta bi takardun mulkin mallaka har ƙarshensa.

Yadda takarda ta shiga gidan yari

Abubuwa uku ne suka haɗu suka haifar da rubuce-rubucen da muke nema.

Da farko Turawa sun bar wa sarakuna kotunansu ta hanyar dokokin 1900 da 1906, amma suka hana yanke hannu da makamantansa. Laifin da a da hukuncinsa haddi ne sai ya koma ɗauri. Watau dai yawaitar fursunoni a ƙasar Kano ɗiyar mulkin mallaka ce, ko da yake Turawan su ne suka fi kowa kushe kurkukun da suka tarar. Aka kuma kasa kotuna daraja huɗu. Ta ɗaya, irin ta Sarkin Kano, tana iya yanke hukuncin kisa, amma sai Gwamna ya tabbatar. Mafi ƙanƙanta ba ta wuce ɗaurin wata uku. Tun da akwai iyaka, tilas a rubuta hukunci don Di'o ya duba ko an ƙetare ta.

Na biyu shi ne tsarin gunduma. A wajen 1907 zuwa 1908, zamanin Razdan Cargill, wanda Kanawa suka laƙaba wa suna Mai Gunduma, aka yanka ƙasar Kano gunduma-gunduma, aka tilasta wa hakimai su bar birni su zauna a ƙasashensu, aka kuma riƙa tura musu alƙalai. Ga Rano, wadda sarkinta dama a gida yake zaune, canjin shi ne ya zama hakimi mai albashi, mai amsa wasiƙar ofis. Masu bincike sun sha ambaton cewa shi wannan Cargill ya ƙone takardun Lardin Kano masu yawa kafin ya bar ƙasar, abin da ya sa shekarun farko na mulkin Turawa a Kano suka fi kowane lokaci duhu.

Na uku, wanda a ganina ya fi sauran tasiri, shi ne Baitulmali. Kafin 1911 tsarin ya kafu a manyan masarautu. Daga nan alƙali ya zama mai albashi, tara ta zama kuɗin shiga da ake yanka wa rasit, fursuna kuma ya zama baki mai cin hatsin En'e da hannu mai yi mata aiki: sharar gari, gyaran hanya, ɗaukar kaya. Duk abin da ya taɓa kuɗi sai an rubuta shi. Wannan ne ya sa za ka sami adadin fursunonin da aka ciyar a shekara, da adadin waɗanda suka mutu, cikin rahoton lardi na shekara-shekara, amma ka rasa sunan ƙauyen ko ɗaya daga cikinsu.

Daga Lausu zuwa Kurmawa

Bari mu ƙaddara an kama wani mutum a Lausu a shekarun 1930 bisa zargin satar jaki, mu bi sawunsa mu ga inda alƙalami zai taɓa shi.

Mai unguwa ya kai shi ga dagaci. Nan ba rubutu. Dagaci ya haɗa shi da ɗan aike zuwa ga hakimi a Rano, wataƙila da 'yar wasiƙar ajami, wadda da wuya ta kwana biyu ba a yar ba. Hakimi ya sa dogari ya miƙa shi ga alƙalin gunduma. A nan ne karo na farko da sunansa zai shiga littafi, domin muhuti zai rubuta mai ƙara, da wanda ake ƙara, da laifi, da shaidu, da hukunci, da kuɗin da aka karɓa. In ɗaurin gajere ne, mai yiwuwa ya ƙare shi a nan gunduma yana share ƙofar hakimi da kasuwa. In mai tsawo ne, sai a rubuta waranti, dogarai su tasa shi gaba, tafiyar kamar kwana biyu a ƙafa, zuwa gidan yarin Kurmawa da aka gina a 1910 kusa da gidan Sarki. A can za a ba shi lamba a sa shi a rajista, a rubuta ranar shiga da ranar fita. Idan Di'o ya zo rangadi Rano zai buɗe littafin alƙali ya sa hannu, kuma yana da ikon rage hukunci ko mai da shari'ar wata kotu. In ya yi haka, to, sunan mutumin zai iya shiga bayanin rangadinsa da Ingilishi.

Ke nan wurare uku ne ake sa ran samun suna: littafin alƙali, da waranti, da rajistar gidan yari. Na huɗu sai an yi sa'a. Amma in laifin kisan kai ne, lissafin ya canja gaba ɗaya. Shari'ar ta Majalisar Sarki ce, kuma tun da hukuncin kisa sai Gwamna ya tabbatar, akan fassara bayanin shari'ar a haɗa da ra'ayin Razdan a aika hedkwata, Zungeru da farko, daga baya Kaduna. Abin takaici ne amma gaskiya ne: wanda aka yanke wa kisa ya fi wanda aka ɗaure wata shida samun wurin zama a tarihi.

Akwai kuma rukunin da ya fi kowane yawa, wanda bai bar ko layi ɗaya ba. A doka hakimi ba alƙali ba ne, ba shi da ikon ɗauri. A aikace kuwa sanannen abu ne cewa lokacin haraji da jangali akan tsare magidanta a ƙofar dagaci ko hakimi, a shanya su a rana, har dangi su sayar da akuya ko hatsi su fanshe su. Tun da doka ba ta san da wannan tsarewa ba, ba mai rubuta ta. Sai fa in abin ya kai ga mutuwa ko ƙorafi ya isa kunnen Razdan, sa'an nan a buɗe fayil, shi ma fayil ɗin da sunan hakimin za a buɗe shi, ba da sunan talakan ba. Don haka mai neman talaka, wani lokaci sai ya nemi fayil ɗin tuhumar basarake.

Inda takardun suke

Wurin farko shi ne Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna. Wannan hukuma ta samo asali ne daga binciken da Kenneth Dike ya fara a 1951, aka kafa ofishinta a 1954, aka yi mata doka a 1957, aka sake wata a 1992. Rukuni biyu ne suka shafe mu: SNP, watau takardun Sakatariyar Lardunan Arewa, da KANOPROF, na ofishin Lardin Kano. A nan ake samun rahotannin shekara, da rahotannin ƙiyasin haraji na gundumomi, da wasiƙu kan gidajen yari, da fayilolin shari'un kisa. Sai dai a tuna, abin da ya isa Kaduna shi ne abin da ya bi ta hannun Bature. Littattafan alƙalan gunduma na En'e ne, ba su cikin abin da aka saba aikawa.

A Kano akwai Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jiha, wadda ke riƙe da Gidan Ɗan Hausa, da kuma ɗakin karatu na Jami'ar Bayero, da Gidan Mambayya ga abin da ya shafi siyasa. A Kaduna kuma ga Gidan Arewa da Abdullahi Smith ya kafa a 1970. Misali mafi kyau na abin da irin waɗannan littattafai ke iya bayarwa shi ne aikin Allan Christelow na 1994, Thus Ruled Emir Abbas, inda ya fassara zaɓaɓɓun shari'u daga littafin Majalisar Sarki Abbas na 1913 zuwa 1914. Asalinsu da Larabci aka rubuta. Sun kuwa dace da shekarar babbar yunwar nan da ake kira Kakalaba, saboda haka ta cikinsu ana hango mutanen karkara, da bayi masu neman fansa, da mata masu neman haƙƙinsu, kowa da sunansa. Duk ɗalibin da zai shiga wannan fage ya kamata ya fara da shi, ko don ya ga fasalin shari'a a rubuce.

Babbar masifar da ta sami takardun gundumomi ba gara ba ce, ko da yake gara ta ci nata rabo. Sauye-sauyen mulki ne. Bayan rahoton kwamitin Yusuf Gobir na 1966, Gwamnatin Tarayya ta karɓe gidajen yarin En'e ran 1 ga Afrilu 1968, dokar soja ta 9 ta 1972 ta kammala haɗe su. A wannan tsakanin kuma aka soke kotunan sarakuna, kotunan alƙalai suka koma ƙarƙashin ma'aikatar shari'a ta jiha da sunan kotunan yanki, waɗanda a Kano suka zama kotunan shari'ar Musulunci a 2000. 'Yan doka aka narkar da su cikin 'yan sandan Nijeriya. A 1976 aka yi gyaran ƙananan hukumomi, En'e ta mutu, aka raba gadonta. Daga baya aka yanke Bunkure da Kibiya daga Rano, kowace ta zama ƙaramar hukuma. Ta ɓangaren sarauta ma haka: Abubakar Rimi ya ɗaga darajar Rano a 1981, aka soke a 1983; aka ƙirƙiri masarautar a 2019, aka rushe a 2024, aka sake kafa ta a shekarar a matsayin mai daraja ta biyu, ta ƙunshi Rano da Kibiya da Bunkure.

Sakamakon haka, takardun mutumin nan namu na Lausu sun rabu gida uku. Rajistarsa ta gidan yari ta zama dukiyar Tarayya. Littafin alƙalin da ya ɗaure shi ya zama na jiha. Wasiƙun hakimi kuwa ko suna ƙaramar hukuma, ko suna fada, ko suna cikin adakar wani tsohon magatakarda. A kowane miƙa mulki akan lissafa kujeru da motoci da ma'aikata, amma da wuya a lissafa tsofaffin littattafai. Na taɓa shiga wani ɗakin ajiya na wata kotu a karkara na tarar da littattafan shari'a jibge a ƙasa tare da karyayyun benci, ruwan damina ya riga ya manne na ƙasan ya mai da su kamar tubali. Mai gadin wurin ya fi kowa sanin abin da ke ciki, domin shi yake kwashe su duk lokacin da rufin ya yi yoyo. Zuriyar alƙalai da muhutai su ma kada a raina su, domin malamai ne, kuma malami ba ya son yar da takarda mai rubutun Larabci.

Matsalar suna da kwanan wata

A ce ma an sami littafin. Sauran aiki na nan.

Harshe ne farko. Littattafan farko da Larabci suke, wasiƙu da ajami, daga baya boko ya shigo ofisoshin En'e ta hannun ɗaliban makarantar Ɗan Hausa da aka buɗe a Nasarawa a 1909 da waɗanda suka biyo bayansu. Makarantar Shahuci ta 1928 da Makarantar Shari'a ta 1934 su suka riƙa yaye alƙalai da muhutai, kuma da zuwan dokar Final Kod a 1960 laifuffuka suka koma ana kiransu da lambar sashe. Mai bincike ɗaya yana bukatar Larabci da ajami da boko da Ingilishi, abin da ba kasafai sashe ɗaya na jami'a yake koyarwa ba. A nan ne ɗaliban sashen Hausa da suka yi makarantar allo da ta ilimi suka fi kowa dacewa da aikin, in da za a nuna musu hanyar.

Sa'an nan suna. Bahaushen karkara na wancan zamani ba shi da sunan zuriya da ke bin iyali. A gida ana kiransa da laƙabi, Tanko ko Ɗanjuma ko Barau, domin iyaye da kakanni suna alkunyar sunan yanka. A gaban alƙali sunan yanka za a tambaye shi. In ya isa birni, malamin rajista ya tambaye shi daga ina, zai ambaci garin da aka sani, sai ya zama Audu Rano, alhali bai taɓa kwana a cikin garin Rano ba sai ranar da aka ɗaure shi. Lausu da Rurum da Tarai da Saji duk sun narke cikin kalma ɗaya. Jikokinsa kuwa Tanko kaɗai suka sani. Maganin wannan shi ne a tattara duk abin da za a iya kafin a buɗe littafi: sunan yanka, da na uba, da sana'a, da sunan dagacin lokacin, da sunan wanda ya kai ƙara. Sau da yawa ta sunan mai ƙara ake gane wanda ake nema. Kada kuma a yi mamakin ganin sunan gari ɗaya an rubuta shi iri biyu ko uku a hannun Turawa.

Kwanan wata ma haka. Littafin alƙali da shekarar Hijira yake tafiya, alal misali 1331 da 1332 su ne suka yi daidai da yawancin 1913 da 1914. Fayil ɗin Bature da ta Miladiyya. Tsoho kuwa da zamanin sarki yake lissafi, ko da wani babban abu. In ya ce zamanin Abbas, tsakanin 1903 da 1919 ke nan. Usman, 1919 zuwa 1926. Abdullahi Bayero, 1926 zuwa 1953. Sanusi, daga nan zuwa 1963. Zamanin Abdullahi Bayero shekara 27 ne, ya yi faɗi, sai a matsa da tambaya: kafin yunwar Mai Buhu ta 1927 ne ko bayanta? An fara yaƙin Hitila? Sarauniya ta zo, watau 1956?

'Yan siyasa

Daga kafa NEPU ran 8 ga Agusta 1950 zuwa juyin mulkin Janairu 1966, gidan yarin En'e ya sami sababbin baƙi. Kotunan alƙalai sun ɗaure 'yan adawa da yawa, kuma Hajiya Gambo Sawaba, wadda aka ɗaure a Kano tun farkon shekarun 1950, ita ce misalin da kowa ya sani. Littattafan B. J. Dudley na 1968 da C. S. Whitaker na 1970 sun yi bayanin yadda aka yi amfani da kotu da 'yan doka a wannan gwagwarmaya. Amma ba za ka ga an rubuta “siyasa” a gurbin laifi ba. Abin da za ka gani shi ne yin taro ba izni, ko zagin hakimi, ko ƙin bin umurni, ko ta da hankali. Wanda bai san zamanin ba zai ɗauka 'yan tasha ne.

Ta wani gefen kuwa su ne suka fi sauƙin nema, domin suna da masu yi musu kuka. Jam'iyya takan rubuta ƙorafi ga Razdan da Gwamna ta jera sunaye, jaridar Comet da ake bugawa a Kano takan buga, kuma su kansu ba sa ɓoyewa, ɗaurin ya zame musu lambar girma. Sai a gwada da Gaskiya Ta Fi Kwabo da Sodangi, a ga abin da suka faɗa da abin da suka yi shiru a kai. Amma shugabannin birni ne suka fi samun wannan gata. Ɗan jam'iyya na ƙauye, wanda aka ninka wa haraji ko aka ɗaure wata uku, sau da yawa labarinsa a bakin tsofaffi kaɗai ya rage, su kuwa ƙarewa suke yi.

Wannan ya kawo mu ga wata magana da ba a cika tattaunawa a tsakaninmu ba. A ƙasar Hausa zaman gidan yari tabo ne da ke bin zuriya, yana fitowa lokacin binciken aure da lokacin neman sarauta. Littattafan farko har sukan nuna wane bawa ne, wane ɗa ne. Ra'ayina shi ne, wanda aka ɗaure kan siyasa a faɗi sunansa in iyalinsa sun yarda, domin haƙƙinsa ne. Wanda aka ɗaure kan sata ko zina kuwa, kundin digiri ba ya bukatar cikakken sunansa da unguwarsa don ya kafa hujja. Gari irin Lausu ƙarami ne, kowa ya san jikan kowa.

Wasu ƙasashe, da halin da ake ciki

A Amurka yawancin gundumomi suna da kurkukunsu ƙarƙashin zaɓaɓɓen jami'i, kuma a jihohi da yawa rajistar waɗanda ke tsare takarda ce ta jama'a, har akan sa ta a intanet. A Ingila an sa bayanan shari'un kotun Old Bailey na 1674 zuwa 1913 a intanet, kowa na iya neman suna. Ba wai Turawa ba su san amfanin ajiye suna ba ke nan. A gida mai laifi ɗan ƙasa ne da wani zai iya tambayar inda yake, a nan kuwa adadi ne a kasafin En'e. Maƙwabtanmu na Maraɗi nasu ya fi tsanani ta wata fuska, domin har zuwa 1946 kwamandan Faransa yana da ikon kulle talaka na wasu kwanaki ba tare da shari'a ba, kuma takardunsu sun watsu tsakanin Yamai da Dakar da Faransa. Mu ma a 2011 ne gwamnatin Ingila ta amsa cewa ta ɓoye dubban fayilolin da ta kwashe daga ƙasashen da ta mallaka, har da Nijeriya, bayan tsofaffin 'yan Mau Mau na Kenya sun kai ta ƙara.

Ga wanda yake neman ɗan'uwansa da ke tsare a wannan zamani, doka ta fi ta da. Dokar 'Yancin Samun Bayani ta 2011 ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa buƙata, ko da yake ta keɓe bayanan da suka shafi sirrin mutum. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015, wadda Jihar Kano ta yi irin tata a 2019, ta wajabta rubuta bayanin duk wanda aka kama, ta kuma ɗora wa majistare ziyartar wuraren tsare mutane kowane wata. Amma alkaluman hukumar gidajen gyaran hali na 2023 da 2024 sun nuna kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda ke tsare jiran shari'a suke yi. Su ne magadan mutanen gidan waƙafi, kuma su ne fayil ɗinsu ya fi saurin ɓacewa tsakanin 'yan sanda da ma'aikatar shari'a da kotu, domin ba hukunci, ba ranar fita da za a lissafa.

A 2025 Gwamnatin Jihar Kano ta bayyana niyyar mai da gidan yarin Kurmawa gidan tarihi, a kwashe waɗanda ke ciki zuwa sabon gini a Janguza. Wannan wani miƙa mulki ne kuma, irin na 1968 da 1976. Ginin zai koma hannun jiha, hukumar da ke riƙe da rajistocin kuwa ta Tarayya ce. Ya kamata sassan Hausa da na Tarihi da na Larabci a jami'o'in Kano su nemi izni tun yanzu a lissafa duk tsofaffin littattafan da suka rage a Kurmawa da Goron Dutse, a ɗauki hotonsu shafi-shafi, a ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya. Haka kuma sabuwar majalisar masarautar Rano tana da ikon da malamin jami'a ba shi da shi: tana iya aika wa dagatai da gidajen tsofaffin alƙalai da magatakarda na Rano da Kibiya da Bunkure, su fito da abin da ke cikin adakokinsu, a rubuta sunan kowane littafi da shekarunsa da gidan da yake, sa'an nan a mayar wa masu shi.